Garin Lurdu da Masu Ziyararsa

A kudancin ƙasar Faransa, gindin manyan duwatsun da su ka raba ta da Sifaniya, akwai wani gari da a ke kira Lurdu, Faransawa su kan rubuta shi Lourdes. Kowace shekara miliyoyin Kirista 'yan ɗariƙar Katolika su kan kai ziyara can. Ni dai Musulmi ne, amma mu ma muna girmama Nana Maryamu uwar Annabi Isa, har akwai sura guda mai sunanta a Alƙur'ani. Saboda haka na ga ya kamata mu san labarin wurin nan da a ka gina don tunawa da ita.

Asalin abin wata yarinya ce mai shekara 14, sunanta Bernadette Soubirous. Ubanta mai niƙa ne, amma ya talauce, har ya zama shi da iyalinsa suna zaune cikin wani ɗaki wanda dā gidan yari ne. Yarinyar ga ta da ciwon asma, ga shi kuma ba ta iya karatu da rubutu ba tukuna. Ran 11 ga watan Fabrairu 1858 ta tafi itace bakin kogi, ta komo ta ce ta ga wata mace da fararen tufafi a cikin wani kogon dutse. Daga ran nan zuwa 16 ga watan Yuli ta ce ta gan ta sau 18. A cikin ɗaya daga ranakun nan ta tona ƙasa da hannunta cikin kogon, ruwa ya ɓuɓɓugo, har yau kuwa bai ƙafe ba.

Da farko hukuma ba ta yarda ba. 'Yan sanda su ka yi ta tuhumar yarinyar, su ka kuma shinge kogon, sai da Sarki Napoleon na Uku ya ba da umurni a ka buɗe. Malaman addininsu ma ba su yi garaje ba, sai da su ka shekara huɗu suna bincike, sa'an nan a 1862 babban limamin lardin ya yi shela cewa matar nan Maryamu ce. A 1866 jirgin ƙasa ya iso garin, jama'a su ka yi ta ɓarkowa. A shekarar nan ita Bernadette ta bar garin, ta shiga gidan mata masu ibada a birnin Nevers, ta rasu can a 1879 tana da shekara 35. Duk wanda ya miƙa mata kuɗi a kan abin da ta gani, sai ta ƙi karɓa.

Mai ziyara ya kan shafi dutsen kogon, ya kunna kyandir, ya sha ruwan, ya wanke fuska, ya kuma cika gora ya kai wa mutanen gida. Daga watan Afrilu zuwa Oktoba, kullum da dare a kan yi jerin gwano, kowa riƙe da kyandir, suna jan carbi suna addu'a da harsuna iri iri. A 1958 a ka buɗe wata majami'a a ƙarƙashin ƙasa mai cin mutum 25,000.

Abu biyu ne su ka fi kama mini hankali. Na farko ya shafi sana'ata, domin ni akawu ne, na san darajar rajista. Tun 1883 akwai ofishin likitoci a Lurdu. In mutum ya ce ya warke, sai a buɗe masa fayil, a nemi takardun asibitinsa na dā, a jira shekaru a gani ko cutar za ta komo. Mutane fiye da 7,000 sun kawo labarin warkewa, amma zuwa 2018 guda 70 kaɗai a ka amince da su a kan abin al'ajabi ne. Ku gwada wannan da masu tallan magani a kasuwanninmu, waɗanda kowane ƙullinsu wai maganin cuta tasa'in da tara ne, ba shaida ba lissafi.

Na biyu shi ne yadda a ke ɗaukar marasa lafiya. A wurin jerin gwano su ne a sahun gaba, cikin kekunansu. Masu tura su kuwa 'yan sa kai ne, da likita da ɗan makaranta da attajiri, kowa ya biya kuɗin tafiyarsa don ya zo ya yi wa gurgu wanka, ya ba shi abinci a baki. Mafi yawan marasa lafiyan nan da cutarsu su ke komawa gida, amma sun kwana biyu ba wanda ya yi ƙyamarsu.

To, jama'a, imaninsu dabam, namu dabam, kowa da abin da ya riƙe. Amma gaida mara lafiya da faɗin gaskiya an umurce mu da su tun muna makarantar allo. Wanda ke da majinyaci a unguwarsu, ya leƙa shi yau, ko da da ƙwaryar kunu ce. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.