Ƙanƙara Mai Ƙamshin Randar Inna

A azumin da ya wuce, ƙanena da ke karatu a Kano ya nuna mini wani bidiyo a wayarsa. Wani Ba'amurke ne ya zuba ƙanƙara a faranti, ya sa ta a murhun da suke banda nama, ya bar ta ta narke cikin hayaƙi, sannan ya mayar da ruwan firiji ya sake daskarewa. Idan aka jefa ta a abin sha, ƙamshin itacen kan riƙa fita gwargwadon narkewarta. Galibi a giya suke sa ta, wannan kuwa ba ruwanmu. Yaro ya ce wannan shi ne ci gaba. Ni dariya ce ta kama ni, domin Inna ta fi shekara 40 tana turara ruwan sha a tsakar gidanmu na Gagarawa Tasha, ba wanda ya taɓa ɗaukar ta hoto.

Takan wanke randa tas, ta bar ta da ɗan danshi. Sai ta ɗebo garwashi a kasko, ta barbaɗa dakakken kajiji da ɗan ƙaro, ta kife randar a kai, ta tokare bakinta da dutse don kada wutar ta mutu. Danshin nan shi ne sirrin, don jiƙaƙƙen wuri ya fi kama hayaƙi. Hikimar da Ba'amurken ya dogara da ita ke nan. In ta zuba ruwa, ta jefa saiwar jema. Duk mai zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san saƙon da za ta ba shi.

Yau ƙanƙarar leda ta kori randa. Ban zargi kowa ba. Wanda ya yini da ƙishirwa a zafin Afrilu ba zai tsaya neman ƙamshi ba, kuma firijin sola rahama ne. Amma ruwan nan ɗanɗanon roba gare shi, wani lokaci har da ƙarnin kifin da suka kwana tare. Abin da ya dame ni shi ne, 'yata mai shekara 9 ba ta taɓa kurɓar ruwan turararriyar randa ba, tamu kuwa gawayi ake ajiyewa a ciki.

Sai na ce bari in haɗa biyun. Gwajin farko ya ɓaci, domin da kalanzir na hura gawayin, ruwan ya fito da ɗaci da wari.

Inna ta leƙo ta ce, "Kai, ba a turare da wutar da ke ci. Bari garwashi ya yi ja tukuna."

A karo na biyu ita ta riƙe kaskon. Ruwan ya kwana a randa, da safe na ɗura shi a kwano mai murfi, na kai firijin maƙwabcinmu. Da aka sha ruwa muka farfasa shi cikin zoɓo. 'Yata ta kurɓa, ta yi shiru, ta ce yana ƙamshin ɗakin kakarta.

Inna ta karɓi kofin ta ɗanɗana, ta ɗan yamutsa fuska. Ta ce sanyi ya danne ƙamshin, gobe a ƙara kajiji.