'Yan uwana na Deira, kada hutun nan ya ƙare mana a kan gado

'Yan uwa 'yan ci-rani, musamman mu na Naif da Sabkha da Baniyas. Rubutun zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri ku kai ƙarshe.

Hutun 2 ga Disamba ya matso, ranar da ƙasar nan ke bikin haɗewarta tun 1971. Zafi ya sauka, gari ya yi daɗi. Shekarata 6 a nan, kuma duk hutu kashi biyu nake ganin mun rabu. Wani zai haye gadonsa na sama a ɗakin mutum takwas, ya rungume waya, ya yi ta lissafin bashin gida har kansa ya yi ciwo. Wani kuma zai ranci kuɗi ya yi hayar mota don hoto, mutanen gida su ɗauka ya zama Alhaji, roƙo ya ƙaru. Ɗan uwa, akwai hanya ta uku. Da dirhami 100 za ka fita daga Dubai, ka ga wani gari, ka ci ka ƙoshi, ka dawo da canji. Wallahi zuciya ma tana buƙatar shan iska.

Kafin komai, ka tabbatar hutun naka ne. Masu gadi da masu aikin shago da gidan abinci yawanci ba a sakin su. In an sa ka aiki ranar hutun ƙasa, doka ta ce a ba ka wata rana a madadinta, ko a biya ka kuɗin ranar da ƙarin aƙalla kashi 50 cikin 100. Ka tambaya cikin ladabi, haƙƙinka ne. Amma kada ka sulale ba izini, a yanke maka albashi saboda yawo. Sannan katinka na Emirates ID ya kasance a aljihu. Wanda bizarsa ta mutu kuwa, shawarata ya fara gyara takardu, yawo ba zai gudu ba.

Makullin tafiya shi ne katin Nol. In ba ka da shi, mai ruwan azurfa dirhami 25 ne, da 19 a cikinsa. Shi ne na metiro, shi ne na bas, har bas ɗin da ke fita gari. Ka zuba kuɗin zuwa da dawowa tun daga nan. In za ka sauka daga bas ka sake taɓa katin a na'ura, in ba haka ba su cire maka kuɗin tafiya har ƙarshen layi.

Mu fara da Abu Dabi. Ka je bakin ruwa wajen kasuwar kayan ƙamshi, ka hau kwale-kwalen nan da suke kira abra, dirhami 1 ya tsallakar da kai Bur Dubai. Daga nan ka taka da ƙafa zuwa tashar Al Ghubaiba, ka nemi bas E100. Dirhami 25 ne, tafiyar kamar awa 2, ga sanyi ga kujera mai laushi. Wanda ya saba da motar Kano zuwa Katsina, mutum huɗu a baya biyu a gaba, zai ɗauka mafarki yake. Abin da zai kai ka shi ne masallacin Sheikh Zayed, wanda aka buɗe a 2007. Ƙubba 82 gare shi, yana ɗaukar masallata sama da 40,000, kuma kabarin Sheikh Zayed ɗin yana gefensa. Shiga kyauta ne, sai dai ka yi rajista ta intanet kafin ka tashi. Ka sani Nol ba ya aiki a bas ɗin cikin garin Abu Dabi, nasu katin Hafilat ne, ana sayarwa a tasha. Tafiyar ta kai ta kasaru, ga wanda ya yi karatun Ahalari da Ishmawi ba sai an tuna masa ba.

Sharja ita ce ta kusa. Daga tashar Union ka hau E303, dirhami 12, ya sauke ka Al Jubail. Kasuwar kifi da dabino tana nan kusa, babbar kasuwar nan mai shuɗin ado ma da ƙafa za ka je. Matsalar Sharja cunkoso ne: da safe kowa Dubai ya nufa, da yamma kowa Sharja ya nufa. In ranar aiki ce hutunka ya faɗo, ka tafi da safe ka dawo da yamma, ka ga kullum kana kishiyar cunkoson. Akwai kuma jirgin ruwa daga Al Ghubaiba, dirhami 15. Ka kula da sutura, Sharja ta fi Dubai tsauri a wannan fannin.

Ni dai wadda ta fi kwanta mini a rai ita ce Al Ain. Bas E201 daga Al Ghubaiba, dirhami 25. Akwai gonar dabino a tsakiyar gari, bishiya sama da 100,000, ruwa na bin ƙananan magudanai a ƙarƙashinsu, shiga kyauta. Ga kasuwar raƙuma a bayan gari. Wanda ya san kasuwar Maigatari ko Mai'aduwa, da ya ji warin wajen da hayaniyar dillalai sai ya ji kamar ya taka gida. Mai son ganin teku da duwatsu ya hau E700 zuwa Fujaira. Mai son duwatsu da madatsar ruwa ya hau E16 zuwa Hatta. Hatta bakin iyakar Oman ce, kada wani ya ruɗe ka da "mu ɗan leƙa". Ƙetare iyaka sai da biza.

Kafin ka fita ka duba manhajar S'hail, domin lokaci da farashi suna canzawa, musamman ranakun biki. Abu na farko da za ka duba shi ne bas na ƙarshe mai dawowa. In ya wuce ka a Abu Dabi, tasi zai ci maka sama da dirhami 250. Ga mai albashin 1,000, kwata ɗin wata ke nan ya tafi a dare ɗaya.

Sai masu tsayawa a gefen tasha suna raɗa "Sharja, Sharja, Abu Dabi". Motocin gida ne, ba su da lasisin ɗaukar fasinja. Wani abokin ɗakinmu ya bi ɗaya don ya tsira da dirhami 5. Direban na hango 'yan sanda ya sauke su a bakin babban titi ya ƙara gaba da kuɗinsu. Sai bayan asuba ya iso ɗaki, aikin ranar ya wuce shi, aka yanke masa. Araha ba ta ado.

Tara ma tana cin kuɗin hutu. Ci ko sha ko tauna cingam a metiro, dirhami 100. Namiji ya shiga taragon mata da yara, 100. Tsallaka titi inda ba a ware ba, 400, a manyan tituna ma ya fi haka. Kujerun gaba a bas na mata ne. Kada ka ɗauki hoton mutane ba izininsu, balle matan mutane, laifi ne da ke kai mutum gaban alƙali.

Yanzu maganar ciki. Kada ka ci abinci a inda masu yawon buɗe ido ke taruwa. Ka bi lungu ka duba inda direbobin tasi da leburori suka cika, nan ne daɗi, nan ne sauƙi. Karyawa: shayin karak da parota da ƙwai a shagon 'yan Kerala, bai kai dirhami 10 ba. Gurasar tanderu ta 'yan Afganistan tana fitowa da zafinta, ka haɗa da wake ko miyar dal. Da rana biryani, ko ku haɗa kuɗi ku uku ku sayi tiren mandi, shinkafar 'yan Yaman da naman da ya dahu har yana zamewa daga ƙashi. Ka ɗanɗani na 'yan ƙasa ma, ranakun biki an fi samunsa: haris, alkama ce da nama aka tuƙa kamar tuwo mai laushi, machbus, dafa-dukarsu ke nan, lugaimat kuwa fanke ne ƙanana da aka zuba wa zumar dabino. Sai dai in cikinka bai saba da kayan yajin Indiya ba, kada ka gwada sabon abu ana saura minti 10 ka hau bas na awa 2. Ka riƙe gorar ruwa, da ɗan ƙullin yajinka na gida. Tuwo da miyar kuka na gidajen abincin Afirka a Naif yana nan yana jiran ka, ka bar shi sai ranar da kewar gida ta taso, don kuɗinsa ya fi na biryani.

Ga lissafin Abu Dabi: abra 2, bas 50, yawon cikin gari da katinsa kamar 20, abinci 25. Bai kai 100 ba. Ka ware shi tun ranar da albashi ya shigo, bayan ka tura na gida. In babu, abra da shayi ma fita ce, dirhami 5 ta ishe ka.

Kada ka tafi kai kaɗai. Ka duba ɗakinku, akwai wanda ya daina magana kwana biyu, ko sabon zuwa da bai san ko'ina ba sai wajen aiki. Shi za ka ja. 'Yan uwa mata, ku ma ku haɗu ku biyu ku uku, ku sanar da wani inda kuka nufa. A caja waya, a yi addu'ar tafiya.

Allah Ya tsare mu a hanya, Ya sa albarka a guminmu, Ya mai da mu ga iyayenmu da iyalanmu lafiya. Wanda ya karanta ya tura wa ɗan uwansa.