Hoton Amarya Tsakanin La'asar da Magariba

Hausawa sun ce rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Ranar biki suke nufi, wadda ke zuwa ko an shirya ko ba a shirya ba. Amma tun da hoto ya shigo cikin sha'anin aurenmu, karin maganar ya shafi ranar da ke sama, domin haskenta ne ke yanke hukuncin irin fuskar da amarya za ta bar wa jikokinta. Kalmar hoto kanta ta samo tushe ne daga Girkanci, inda asalinta ke nufin rubutu da haske. Ashe mai hoto marubuci ne, kuma dole ya san lokacin da tawadarsa ta fi kyau.

Wannan lokaci muna da sunansa tun kafin zuwan kyamara: la'asar sakaliya, sa'ad da rana ta yi ja, inuwa ta yi tsawo. Faransawa na kiransa sa'ar zinariya. Masanin kimiyya Rayleigh na Ingila ya bayyana sirrinsa a 1871: idan rana ta sunkuya, haskenta na ratsa iska mai kauri, wadda a bakin faɗuwa ta ninka ta tsakar rana kusan sau 38. Shuɗin haske sai ya warwatse a hanya, ja da ruwan ɗorawa su iso gare mu. Shi ya sa lallen amarya ke fitowa jajir, zaren shadda ya yi ƙyalli, idanu su buɗe babu yamutsa fuska.

Sai dai a Madarunfa sa'ar ba ta cika sa'a ba. Muna kusa da daraja 13 arewa da tsakiyar duniya, rana kuwa a nan kusan a miƙe take gangarowa, ba a karkace ba kamar a Faransa. Jan hasken bai fi rabin awa ba. A watan Disamba rana na faɗuwa jim kaɗan bayan ƙarfe 6, a watan Yuni kuwa sai wajen ƙarfe 7. Yanayi ma na da ta cewa. Da kaka, lokacin da rumbuna suka cika, bukukuwa suka yawaita, sama garau take. Da hunturu, ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na Cadi kan haɗiye rana tun ba ta kai ƙasa ba, hasken ya koma fari fat. Da damina kuwa hadarin yamma na iya rufe komai.

Me ya sa malamin makaranta zai damu da wannan? Domin hotunan aure da ɗalibaina ke nuna mini a wayoyinsu sun cika da amaren da iyayensu ma ba za su gane su ba. Ana ɗaukarsu da tsakar rana ko a ƙarƙashin fitila mai kashe ido, sannan a wanke fatar da na'ura har ta yi fari. Matsalar tsohuwa ce: a shekarun 1950 kamfanin Kodak ya riƙa daidaita launin hotunansa da katin da ke ɗauke da fuskar Baturiya. Yarinyar da ta taso tana ganin haka za ta ɗauka kyau da fari abu guda ne, daga nan sai man shafe-shafe. Alhali Seydou Keïta, wanda ya buɗe wurin hotonsa a Bamako a 1948, da hasken rana ya yi mafi yawan aikinsa, a tsakar gida, kuma duniya har yau tana sha'awar baƙar fatar da ya fito da ita cikin ƙasaita.

Da auren ɗiyar ƙanwata ya tashi, na kira wani tsohon ɗalibina mai sana'ar hoto. Ya ce: «Mushe, ku ba ni minti 20 kafin magariba, ku riƙe sauran yinin.» Gwaggon amarya ta ce: «Yaro, ba a fitar da amarya bakin tafki kamar tallar goro.» Ta yi gaskiya. Tafkinmu, wanda al'ada ta ce kaburburan waliyyai 99 na kewaye da shi, wuri ne na kamun kifi da ziyara, kuma kunyar amarya ba abin wasa ba ce. Aka shirya a tsakar gida, jikin katangar laka mai fuskantar yamma. Aka gama kwalliya kafin la'asar, aka fara da tsofaffi don kada a tsayar da su, aka bar wa amarya da ƙawayenta jan hasken ƙarshe. Ladan na kiran salla, kyamara na shiga jaka. An kuma yi sharaɗin cewa ba hoton da zai hau WhatsApp sai da yardar amarya.

Wannan nake so ƙungiyoyinmu na al'adu da malamai su duba. Masu hoto a Turai sukan tsara bikin gaba ɗaya bisa faɗuwar rana. Mu kuwa yininmu salloli biyar ne suka yanka shi, bikinmu kuma yana da kamu, da sa lalle, da kai amarya, kowane da lokacinsa. Bai kamata a karya wannan tsari domin kyamara ba. Abin da ake bukata kaɗan ne: uwar biki ta san ƙarfe nawa rana ke faɗuwa a watan da aka sa, ta ware rabin awa, ta gaya wa mai hoto ya bar wa ɗiyarta launin da Allah ya ba ta. Bayan shekara 40, sa'ad da kayan ɗaki suka tsufa, wannan takarda ce jika zai ɗauka ya ce: ga kakata.