Guzurin Makaranta a Tsakiyar Bazara

Daga tsakiyar watan Maris, da zarar hazo ya janye, Kano takan shiga wani hali da sai mazauninta ne zai ba da labari. Kafin ƙarfe goma na safe kwanon rufin aji ya ɗauki wuta, a watan Afrilu kuwa zafi yakan haura digiri 40, babu iska, babu hadari, sai mangwaro da ya cika gari. A irin wannan lokaci na fi tunawa da hannun mahaifiyata, domin a nan gwanintarta take fitowa fili. Girkin lokacin sanyi kowa ya iya. Abin da aka zuba da safe haka za a same shi da azahar. Na bazara kuwa sai wadda ta san rana, musamman abincin da za a ƙulle tun da asuba, ya yi rabin wuni a jaka ƙarƙashin benci, sannan yarinya 'yar shekara goma sha biyar ta ci, ta ƙoshi, cikinta bai ɓaci ba.

A ƙarshen shekarun 1980 na yi babbar sakandare, makarantar jeka-ka-dawo ta 'yan mata. Mukan bar gida kafin bakwai, a tashe mu tara da hantsi, mu 'yan manyan aji kuma a riƙe mu darasin yamma har kusan la'asar. Ci biyu ke nan a waje. Kuɗin tara bai taka kara ya karya ba, don tun da aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986 komai ya yi tashin gwauron zabo, da aka hana shigo da alkama a 1987 kuwa burodi ya koma abin marmari a gidaje irin namu. Firji babu a gidanmu, maƙwabtan da suke da shi ma sai NEPA ta ga dama. Saboda haka dabarar duk ta koma madafa.

Dokar Inna guda ɗaya ce, kuma ban taɓa ganin ta karya ta ba: busasshe daban, jiƙaƙƙe daban, ba a haɗa su sai za a ci. Kwaɗon zogale shi ne babban misali. Takan dafa ganyen bayan sallar asuba, ta matse shi da hannu biyu har sai ya daina ɗiga, ta baza a faranti ya sha iska, sannan ta zuba a ƙaramar samira. Dakakken ƙuli-ƙuli da gishiri da yaji suna cikin nasu ƙunshin. Man gyaɗa yana cikin 'yar kwalba mai murfi. Albasa da tumatir kuwa ba ta yanka su ko kusa. Ɗungurungum take ba ni su da 'yar wuƙa mai guntun baki. Na taɓa ce mata, "Inna, da kin yanka mini tun daga gida da na huta." Ta ce, "Ke dai ɗauki. Tumatir in aka buɗe masa ciki da safe, kafin azahar ya zama wani abu." Sai a gindin darbejiya muke yin haɗin, kuma ƙamshin albasar da aka yanka nan take a kan ƙuli-ƙuli ba shi da na biyu. Ranar da babu zogale, rama take maye gurbinsa, kuma ɗan tsaminta ya fi dacewa da bakin da rana ta busar.

Dambu ma yana cikin amintattunta, na tsakin masara, wanda aka turara har ya yi washar-washar. Ba ta rufe shi da zafinsa, sai tururin ya fice sarai, don ta ce gumin murfi shi ne yake komawa ya ɓata abinci. Sai garin kwaki da sukari da ƙuli-ƙuli, wanda ko wata zai yi a jaka babu abin da zai same shi, ruwa kawai yake jira. Ranar da Baba ya biyo ta Jakara da yamma kuwa, washegari da gurasa muke tafiya, mu yayyafa mata ruwa, mu barbaɗa ƙuli da yaji, mu ɗiga mai, bandashe ya haɗu.

Amma sarauniyar guzurin bazara fura ce. Gwaggona ce take kirɓa ta, gero da citta da kanumfari da masoro da ɗan barkono, ta cura, ta mulmule da gari. Curi biyu a cikin kwanon sha, da ludayi a gefe. Nono ba a ɗauko shi daga gida. Akwai matan Fulani da suke zama a bakin ƙofar makaranta da ƙorensu a rufe da faifai, a nan za ki sayi na kwabo kaɗan, ki dama da kanki, ki saki da ruwa yadda kike so. Wanda bai sha fura da ƙarfe ɗaya na rana a watan Afrilu ba, bayan darasi biyu na lissafi a jere, bai san abin da gero yake yi wa ɗan Adam ba. Tana kashe yunwa da ƙishi a lokaci guda, ba ta nauyaya ciki, kuma tana riƙe mutum har magariba. Yaran da suke cikin ganiyar girma yunwarsu daban ce, ba ta jin rarrashi da biskit. Na ga 'yan ajinmu da suka dogara da alawa da ƙanƙarar leda, kafin darasin yamma ya yi nisa sun kifa kai a kan tebur. 'Yan fura kuwa idonsu biyu.

Akwai abubuwan da ko kuka za ki yi Inna ba za ta ƙulla miki su a bazara ba: alala, wake da shinkafa, duk wata miya mai yauƙi, kifi, kunun gyaɗa, da duk abin da madara ta taɓa. Alala ina matuƙar son sa, ita ma ta sani, sai ta ajiye mini shi na ci da ɗuminsa kafin na fita. Kunun zaƙi ma ba ta yarda da shi a gora ba, don yakan ci gaba da tashi a cikin zafi har gorar ta kumbura. Abin shan da take sakin jiki da shi mai tsami ne: zoɓo da citta, ko lamurje na tsamiya. A gefen jaka kuma ba a rasa yalo ko gurji, ko mangwaro guda da ba a fere ba, ko goruba da aduwa na tauna a hanya.

Ruwan sha kansa sai da aka yi masa dabara, don a lokacin ruwan leda na kamfani bai bazu ba tukuna. Ƙaramar jarka aka ɗinke mini da buhun algarara. A cika ta daga randa, a tsoma ta gaba ɗaya a bokiti, in na isa makaranta in rataye ta a taga. Yayin da buhun yake bushewa yana janye zafin ruwan, in ya bushe a sake jiƙa shi a famfo. Dabarar randa ce aka saka wa hannu. Ta fi aiki a Maris da Afrilu lokacin da iska take a bushe. Da hadari ya fara haɗuwa a ƙarshen Mayu sai sanyin ya ragu. Da na ji a shekarar 2000 cewa wani malami daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya sami lambar yabo ta Rolex saboda tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, wadda take sa kayan lambun da kan yi yaushi cikin kwana uku su kai makonni, na yi murna ƙwarai. Ilimin da yake ƙarƙashin rumfar kowace uwa ne ya sami wanda ya faɗaɗa shi, duniya ta gani.

Sai dai shekarun nan na kunya ne. Yarinyar da jiya take rungume da samirarta ba ruwanta, yau ta fara duba wanda yake kallon ta a hanya. Yayana ma tun yana aji uku ya daina ɗaukar komai, ya ce shi ba ɗan firamare ba ne, ya koma sayen rogo da yaji. Inna ba ta yi faɗa ba. Ta nemo mini ƙaramin kwano shafal da yake ɓacewa a tsakanin littattafai, shi kuma ta riƙa cusa masa ƙunshin gyaɗa da dabino a aljihun wando. Abin da ya kashe kunyar gaba ɗaya shi ne cin taro. Mu biyar ne ko shida, kowa ta buɗe nata a tsakiya, 'yar mai kuɗi da soyayyen dankalinta, 'yar talaka da kwakinta, hannu ya shiga ko'ina. Sau da yawa kwaɗon ne yake fara ƙarewa.

Shekarun 1988 da 1989 azumi ya faɗo mana a Afrilu, samira ta huta wata guda. Furar ta koma sahur, jarkar kuma muka riƙa zuba ruwanta a kan mayafi.

Yanzu ni ce a madafar, da 'ya'ya biyu a sakandare, kuma abin da nake gani a jakunkunan tsararsu yana damuna. Ana soya Indomie da ƙwai da ƙarfe shida, a danna a roba mai murfi da zafinsa, ko a zuba shinkafa da miya a kular da ba ta riƙe zafi, sai sha ɗaya ko sha biyu a buɗe. Ma'aikatan lafiya sun bayyana cewa ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa a tsakanin digiri 5 zuwa 60, kuma dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa biyu a wannan hali ba. Abincin da ya yi awa biyar yana ɗumi-ɗumi a ajin da ya kai digiri 40 yana tsakiyar wannan haɗari ne. Shinkafa ta fi ban tsoro, domin akwai wata ƙwayar cuta da irinta ba ya mutuwa da dahuwa, yakan farfaɗo in ta huce ta zauna, kuma hanci ba ya jin komai. Shirin ciyar da ɗalibai da gwamnatin tarayya ta fara a 2016 'yan aji ɗaya zuwa uku na firamare ya shafa. Matashin sakandare na jeka-ka-dawo har yau abin da aka ƙulla masa a gida shi ne rabonsa.

Ban ce a jefar da kula ba. Mai kyau, in aka fara ɗauraye ta da tafasasshen ruwa, aka zuba abinci yana tururi, aka cika ta har baki, takan kai shi lokacin tara lafiya. In an yi sa'ar wuta nakan daskarar da gorar zoɓo tun dare, ta zama ita ce mai sanyaya jakar kafin ta narke a sha. Amma daga Maris zuwa faɗuwar ruwa, kwana uku a mako tsarin Inna nake bi. Matan nono sun daina zama a ƙofar makarantar 'ya'yana, don haka furar a gida suke shan ta kafin su fita. Namijin ya karɓi gurasa da ƙuli, kwaki kuwa ya ce a bar masa shi sai ya dawo. Macen ta karɓi dambu da kwaɗon zogale, da sharaɗin in riƙa ninka mata ƙunshin yaji, don ƙawayenta uku ne suke ci tare da ita.