Ga Ƙoshi Ga Kwanan Yunwa a Ƙala'at an-Nahal

Jihar Gadarif, a gabashin Sudan, rumbun ƙasar ce. Tun wajen 1945 aka fara noma da injuna a baƙar ƙasarta, daga can kuwa dawa da riɗi da ƙaro suke fita zuwa kasuwanni masu nisa. Hausawa da yawa suna zaune a jihar, jikokin mahajjatan da suka yada zango a hanyar Makka. Duk da wannan albarka, binciken da gwamnati ta yi a 2009 ya nuna kimanin rabin mutanen jihar matalauta ne.

Ƙala'at an-Nahal gari ne na duwatsu a wannan jiha. Manyan gonakin yankin na attajirai ne, talaka kuwa ƙodago yake yi musu lokacin shema da yankan riɗi. In hatsinsa ya ƙare kafin kaka, sai ya ci bashin da ake kira shel, wato ya sayar wa ɗan kasuwa amfanin gonarsa da araha tun bai nuna ba. Da rani kuma tafkunan da aka haƙa, waɗanda ake kira hafir, sukan ƙafe, sai ya sayi ruwa. In cutar kala-azar, mai kumbura saifa, ta kama ɗansa, kuɗin mota zuwa asibiti kaɗai ya isa ya cinye akuyarsa.

A 1994 aka raba Sudan jihohi 26, aka ɗora wa jihohi da ƙananan hukumomi nauyin firamare da ɗakunan shan magani. Hukumar zakka tana karɓar rabonta daga amfanin gona tana rarrabawa. Yarjejeniyar Asmara ta 2006 kuma ta yi alkawarin dala miliyan 600 domin raya Gadarif da Kassala da jihar Bahar Maliya.

To, ina ya kamata irin wannan kuɗi ya sauka? Buhun dawa na taimako yakan kashe yunwar wata guda, ba a raina shi. Amma shel yana nan yana jiran damina mai zuwa. Abin da ke rage talauci shi ne toshe ƙofofin da ɗan abin hannun talaka yake zurarewa: ruwa kusa da gida, magani a ƙauye, malamin da ake biya a kan kari, da rance mai sauƙi kafin shuka. Garin ya taɓa ganin misali. Wajen 1970, da aka zaunar da 'yan gudun hijirar Iritiriya a yankin, sai da aka jawo ruwa daga kogin Rahad kafin ƙauyukansu su zaunu.

Yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya koro dubban mutane zuwa Gadarif, masu bukata suka ƙaru, aljihun jiha ya ƙara matsewa. Saboda haka duk fam ɗin da za a kashe, a fara tambaya: zai hana uwa sayar da akuyarta domin sayen ruwa ko magani?