Gansakukar da ake nomawa

Ya kai mai karatu, da wani zai ce maka yana noman gansakuka, na san dariya za ka yi. Ni ma haka na yi. Mu a Junju rake muka sani, da rogo da gero. Gansakuka kuwa, ture ta muke yi da ƙwarya in za mu ɗebi ruwa a tabki.

Abin da ya hana ni dariya shi ne ɗan yayata. Bayan yaye tamowa ta kama shi, ƙafafu suka kumbura, gashi ya yi ja. Wata malamar asibiti ta ba mu wani koren gari, ta ce a riƙa zuba ƙaramin cokali cikin kununsa kullum. Yaya ta sansana, ta ce, "Kai dai, gansakuka zan ba ɗana?" Gaskiyarta, warinsa ba daɗi. Da ƙyar ta yarda. An haɗa da magani da kunun gyaɗa, yaro ya tashi. Ban ce garin kaɗai ya tashe shi ba, amma ya taimaka.

Sunan abin sifirulin. Kada ka ɗauka Turawa suka ƙago shi. Matan Kanembu na bakin tabkin Cadi sun daɗe suna kwasarsa, su shanya bisa rairayi, su yi miya da shi, suna kiransa dihe. A 1964 wani masanin tsirrai ɗan Beljiyam, Jean Léonard, ya gan shi a kasuwar Fort-Lamy, wato Njamena ta yau. Da aka auna, sai aka tarar fiye da rabinsa sinadarin gina jiki ne. Wata irin kuma, kulorela, ta ruwan daɗi ce, masana'antun Japan da Taiwan ke nomanta.

To, ga inda abin ya shafe mu. Sifirulin ruwan kanwa yake so, da zafin rana. Wanne muka rasa? Ga kanwa a kowace kasuwa, ga gishirin Foga kusa da mu. Ana gina kwami marar zurfi, ruwa kamar taƙi ɗaya, a sa kanwa da gishiri da ɗan taki, a zuba iri, a riƙa motsawa. In ya yi kauri a tace da ƙyalle, a matse, a shanya a inuwa. An kafa irin wannan gona a Dogon Dutsi, nan cikin jihar Doso.

Sai dai aikin na son tsabta da awo, ba na malalaci ba ne. Kuma don Allah kada ka kwashi ta tabki ka ba yaro, domin wata akwai dafi, ido ba ya rarrabewa. Iri daga gonar da aka sani ake samo shi.

Ni dai na ware kusurwa ɗaya a garkata. Kuɗin siminti nake jira, sai an sayar da rake.