Tauraro Bai San Ƙugiya Ba

Mai karatu, idan ka taɓa shiga ɗakin karatu na jami'a ka ga akwatunan katin nan da ake duba sunayen littattafai, to ka riga ka san abin da ake kira fihirisa. Injin bincike na kwamfuta ma haka yake aiki. Elasticsearch, wanda Shay Banon ya fitar a 2010 bisa ginshiƙin Lucene, yana zuba rubuce-rubuce cikin fihirisoshi daban-daban, kowanne da sunansa. Hanya biyu ce ake kiran su. Ko dai ka faɗi cikakken suna, ko kuwa ka rubuta guntun sunan ka bi shi da alamar tauraro (*), wato kana cewa "da duk abin da ya biyo baya". Alal misali, jarida-* zai kwaso maka jarida-1998 da jarida-1999 da sauran 'yan uwansu a kira ɗaya.

Ni dai na san wannan injin ne ta dalilin wani aiki da mu huɗu muka yi wa wani malami, na tattara tsofaffin rubuce-rubucen Hausa da ɗalibai suka buga a kwamfuta shekara da shekaru. An raba su kashi-kashi: waƙa, labari, wasa, wasiƙa. Da farko tauraron ya burge ni ƙwarai, domin ya hutar da ni rubuta sunaye talatin da hannu.

Sai dai akwai wani hali nasa da ya fi damuna. Idan ka kira fihirisa da cikakken suna alhali babu ita, injin zai yi maka tsawa nan take, ya ce bai same ta ba. Tauraro kuwa ba ruwansa. In ya sami goma ya kawo goma, in ya sami biyu ya kawo biyu, in ma bai sami komai ba sai ya miƙo maka hannu wofi ba tare da ko uffan ba. Ba zai taɓa gaya maka abin da ya bari a baya ba.

A nan ne Hausa ta shigo maganar. Waɗanda suka riga mu aikin kowa ya sa suna yadda allon bugunsa ya ba shi dama. Wani ya rubuta waƙa da ƙugiyarta, wani waka, wani kuma wak'a, kamar yadda aka saba yi lokacin da haruffa masu ƙugiya ke wuyar samu. A idon Bahaushe duk kalma ɗaya ce. A wurin kwamfuta kuwa k da ƙ ba su ko haɗa dangi ba: lambar k a tsarin Unicode ita ce 006B, ta ƙ kuma 0199. Saboda haka waƙ* ya kawo kashi ɗaya, ya yi shiru a kan biyun. Da a ce ɗalibi ya dogara da shi ya rubuta kundinsa, da sai ya ce marubutan wasu shekaru ba su yi waƙa ba sam, kuma babu wanda zai ƙaryata shi, tunda injin bai nuna alamar matsala ba. In kuma ka ce bari ka gajarta zuwa wa*, sai wasa da wasiƙa su biyo ka gida.

Wani abokin aikinmu ya ce a kankare ƙugiyoyin gaba ɗaya a huta. A sunayen fihirisa na yarda da shi, domin suna lakabi ne kawai, kuma ma injin yana da dokokinsa a kansu: ƙananan baƙaƙe zalla, babu tazara, babu waƙafi. Amma a cikin matanin kansa ban yarda ba. Lucene yana da matatar da ke mayar da ƙ ta koma k, kuma ranar da aka kunna ta, baƙi da baki sun zama ɗaya, haka ma ƙafa da kafa. Mai neman baƙin Audu sai a kai shi bakin rijiya.

Abin da ya fisshe mu shi ne laƙabi. Injin yana ba da dama a ɗaura suna guda a kan fihirisoshi da yawa, sai muka tara ukun ƙarƙashin wakoki, muka daina dogaro da sa'a. Na kuma koyi fara jero duk sunayen da tauraro ya kama in ƙirga su kafin in nemi komai.

Wajen gogewa ne abin ya fi ban tsoro, domin tauraron da ke kwaso fihirisoshi don karantawa shi ne ke kwaso su don shafewa. A tsofaffin zubin injin, umarnin gogewa da tauraro tsirara yana share komai. Sai a zubi na 8, a 2022, aka sa injin ya riƙa ƙin irin wannan umarni tun daga farko, sai an ambaci suna. Namu tsohon zubi ne, don haka malaminmu ya sa aka kulle wannan ƙofa tun kafin ya ba kowannenmu kalmar shiga.